Yashin da Na Je Kano Ɗaukowa

Tun da na dawo daga Kano ban huta da tambaya ba. A majalisa, a bakin masallaci, har a teburin mai shayi, sai wani ya tare ni ya ce wai da gaske ne an tsare ni a hanyar Tsafe saboda yashi. Wasu kuma ba tafiyar ce ta dame su ba, girar Yaya Lawali suke son jin inda ta tafi. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri, shi ya sa na zauna in faɗe shi gaba ɗaya.

Ni Bashiru, aikin lantarki nake yi. Yayana Lawali yana da injin casar shinkafa a Bungudu, da taransifomarsa ta kansa, ni kuma nake kula masa da wuta. Yaya mutumin kirki ne, hannunsa a sake yake, amma ranar da aka raba haƙuri ba ya gari. Ko shayi ba ya jira ya huce.

Ana tsakiyar kaka, buhunan mata 'yan kasuwa sun cika harabar inji, sai wata gafiya ta sami kafa ta shiga akwatin wuta, ta kwanta a kan ƙarafan da wuta ke bi. Ita dai ta gama nata a nan take. Fis ɗinmu guda uku su ma suka bi ta, inji ya yi tsit.

Wanda bai san irin fis ɗin nan ba, ba ɗan siririn nan na cikin gida ba ne. Tangaran ne fari mai nauyi, girmansa kamar sandar sabulu, da ƙarfe kamar wuƙa a kowane kai. A cikinsa akwai siririyar azurfa da aka yi wa wuya-wuya, an kewaye ta da wani tataccen yashi an danƙare. Idan wayoyi suka haɗu, wuta kan taso da ƙarfin da ya ninka na kullum nesa ba kusa ba. To, kafin ta kai ga cika ƙarfinta azurfar ta narke, yashin ya shanye tartsatsin ya kashe shi a ciki. Kamar rago ne mai tunkuyi, a riƙe shi tun yana ja da baya, kafin ya ɗauko gudu.

Duk wannan na yi wa Yaya bayani, yana kallona kamar ina karanta masa wasiƙar jaki.

"Mi za ya hana a ɗamre shi da waya?" ya ce. "Haka kowa ka yi."

Gaskiyarsa, haka kowa ke yi. Fis ya mutu, a sami wayar jan ƙarfe a naɗe gurbinsa, wuta ta dawo, a ce mai gyara ya iya aiki. Amma wayar ba ta san ta mutu da wuri ba. Ranar da wuta ta sake haɗuwa, sai ta bar ta ta taso da dukkan ƙarfinta, ta yi aman wuta a fuskar duk wanda ke tsaye a gaban akwatin. Kuma wanda ke tsayuwa a gaban akwatin nan kullum, yana buɗewa yana leƙawa ba a aike shi ba, shi ne Yaya.

Na shiga Gusau na zaga shagunan kayan wuta. Inda na sami girman da nake nema, da na ɗaga sai na ji shi sakayau. Na sayi ɗaya na fasa a gaban mai shagon, sai ga guntun gwangwani da yashin rafi har da tsakuwa. Shi ma bawan Allah ya riƙe baki, ya ce haka aka kawo masa. Wani abokin sana'ata ya ce in ina son na ainihi, in nufi Sabon Gari a Kano.

Kafin in tafi na sa wa akwatin wutar kwaɗo, na kai makullin wurin mahaifiyarmu. Inna ba ta san fis ba, ba ta san taransifoma ba, amma ta san ɗanta. Na ce mata in ya buɗe akwatin nan ya sa waya kafin in dawo, yana iya ƙonewa. Ba ta tambaye ni komai ba, ta ƙulle makullin a gefen zanenta ta ce, "Tahi, Auta. Allah shi kai ka lahiya." Na jefa mataccen fis ɗaya a aljihun jaka don in gwada da sabo, na kama hanya.

A tashar Gusau na sami ƙaramar mota, aka cusa mu kamar kifin gwangwani. Kusa da ni wata Hajiya ce mai daddawa, za ta Funtuwa wurin 'yarta. Tun kafin mu fita gari ta san sunana, ta san sana'ata, ta kuma cika mini hannu da gyaɗa. Har muka wuce Kwatarkwashi mota cike take da hira, ana gardamar taki da farashin masara. Muna fita Tsafe sai kowa ya haɗiye harshensa. Direba ya kashe rediyo, Hajiya ta zaro carbi.

Wanda ke bin hanyar nan da 'yan bindiga ke tarewa ya san abin da ake kallo. Ba daji ake kallo ba, kishiyar hanya ake kallo. Muddin motoci na tahowa daga gaba, to gaba lafiya. In aka ɗan jima ba a ga ko ɗaya ba, sai direba ya sassauta. Mu ma an yi mana irin wannan shirun, har direba ya gangara gefe ya tsaya, ba wanda ya tambaye shi dalili. Can sai ga wata tsohuwar motar itace tana tahowa tana tari. Ban taɓa ganin motar da ta yi mini kyau kamarta ba.

Iyakarmu da Katsina wajen 'Yankara ba ƙofa gare ta ba, ba mai buga maka hatimi, shingen jami'an tsaro ne kawai, a leƙa a ce ku wuce. Amma numfashi bai dawo mana daidai ba sai da muka ga Funtuwa. A nan Hajiya ta sauka, ta ce jibi ita ma za ta koma, wataƙila mu sake haɗuwa. Mu kuma muka miƙa ta Malumfashi da Gwarzo, muka shiga Kano da yamma.

Na sauka wurin wani ɗan garinmu mai sayar da buhuna a Fagge, ya shimfiɗa mini tabarma a shagonsa. Sauron Kano ba ya neman izini, janareton maƙwabta kuma ba ya gajiya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gaisuwarsu. Mu a gida sai ka tambayi gida, ka tambayi gona, ka tambayi gajiya da ruwa, sannan a shiga magana. A can ina cikin tambayar mutum iyali ya riga ya tsallaka titi. Da safe aka kawo mini gurasa da ƙuli da yaji, na ci na yaba, amma a raina na ce wannan ai iska ce, hoce ɗaya, wainar dawarmu ta gida, ya fi uku riƙe ciki. Mai gurasar da ya ji na ce "mi" maimakon "me" ya yi ta dariya yana kiran abokansa su zo su ji Bazamfare. Ni dai hankalina na Bungudu.

Shagon da aka kwatanta mini na wata mata ce 'yar ƙabilar Ibo, haifaffiyar Kano, Hausarta ta fi ta mai gurasar daɗi. Na ajiye mataccen fis a teburinta, ta juya shi ta duba lambobin jikinsa, ta tambaye ni me yake karewa, babban layin da ya fito daga taransifoma ko moton inji shi kaɗai. Ta ce da bambanci, kuma na san da shi, amma ban taɓa ganinsu jere a wuri ɗaya ba sai ranar. Ga na babban layi irin nawa. Ga na moto, wanda ke haƙuri da fizgar da inji ke yi lokacin tashi, ba ya mutuwa sai an yi haɗuwar gaske. Ga ƙanana na batiran sola, ga wasu masu tsananin sauri na na'urori masu laushi. Can ƙasa kuma ga dogaye kamar guntun taɓarya, na babbar wuta kafin ta shiga taransifoma, masu ɗan tsinke a kai da ke fitowa ya nuna sun mutu. Na ce mata mu a kan turken wuta fis mai faɗowa gare mu, wanda in ya tashi mutuwa sai ya yi ƙara kamar bindiga ya rataye kai ƙasa. Ta ce shi ma yana da ranarsa, amma shi yankewa kawai yake yi bayan wuta ta riga ta taso, ba ya rage mata ƙarfi.

Girman nawa guda uku kacal suka rage mata, sauran sai kaya sun iso. Na so ko da ɗaya ne na ajiya, babu. Ta naɗe su da kwali da tsumma, ta ce in riƙe su kamar ƙwai, domin in tangaran ya tsage yashi ya zube, fis ya tashi daga aiki.

Da yamma na kira Yaya in yi masa albishir, sai ya tare ni da faɗa. Mata sun fara kwashe buhunansu suna kaiwa wani inji, ga kasuwa ta matso.

"Gobe in anka yi la'asar ban gane ka ba," ya ce, "ni ɓalle kwaɗon ga. Na riga na samu waya."

Na ce Yaya don Allah, sai layi ya yanke. Na yi ta kira, bai shiga ba. Abincin dare ma kasa ci na yi.

Na yi sammako, amma mota ba ta cika da wuri ba. A Funtuwa muka sauke wasu, muka ɗauki wasu, sai ga Hajiya mai daddawa, ta zauna kusa da ni tana murna kamar ta ga ɗanta. Kwalin yana kan cinyata, na rungume shi. Na yi lissafi, in Allah ya kiyaye hanya zan isa Bungudu ana kiran la'asar.

Dab da Tsafe muka tarar da shinge. Wani jami'i dogo, idanunsa jawur alamar bai yi barci ba, ya zagaya motar, idonsa ya tsaya a kan yadda na ƙanƙame kwalin. Ya ce in fito in buɗe. Ya ɗauki fis ɗaya, ya ji nauyinsa, ya kai kunne ya girgiza. Ni ma daga inda nake tsaye na ji ɗan motsin abin da ke ciki. Fuskarsa ta canza.

Ya tambaye ni mene ne a ciki, na ce yashi ne da azurfa.

"Yashi," ya ce. "Ka tashi daga Zamfara, ka je Kano, ka sayo yashi."

Da ya faɗe shi haka, ni kaina sai na ji maganar ba ta zauna ba. Kuma ban ga laifinsa ba. A hanyar nan an sha ɓoye miyagun abubuwa a cikin buhun hatsi da jarkar manja ana kai wa mutanen daji, ga ni da fararen abubuwa uku a liƙe, da ƙarfe kai da kai, da gari a ciki. Na waiga mota, na ga kowa ya matsa daga inda na zauna. Jami'in ya tambaya ko akwai wanda ya san ni. Hajiya ta dubi carbinta ta ce ita dai a mota ta gan ni. Abin ya yi mini ciwo, amma da ni ne a wurinta ban san me zan ce ba.

Ya ce a fasa ɗaya a gani. Nan ido ya raina fata. Inji layi uku ne, fis biyu ba su tayar da shi. In aka fasa ɗaya, tafiyata ta tashi a banza, kuma gurbin na ukun waya Yaya zai naɗa masa. Na roƙe shi, na yi rantsuwa, na nuna masa katin sana'ata. Har ya ɗora fis ɗin a kan dutse, sai na tuna da mataccen da ke jakata. Na ce ranka ya daɗe, ga ɗan'uwansu, iri ɗaya ne, lamba ɗaya, a fasa shi.

Ya jera su ya duba, sannan ya sa kowa ya ja baya, ya ce ni in fasa da hannuna. Na buga dutse, farin yashi ya zubo. A tsakiyarsa ga wani dunƙule mai kama da gidan zanzaro, inda wuta ta narkar da yashin ya daskare ya zama kamar gilashi. Na ce masa wannan ita ce wutar da ta so cinye injinmu, a nan aka binne ta. Ya ɗebi yashin ya zuba a kan dutse, ya kyasta ashana ya ɗora. Ashana ta ci ta mutu, yashi na nan yadda yake.

Na ɗauka an gama. Sai ya ce matacce dai yashi ne, amma masu ran fa, sai ogansa ya zo ya gani. Direbanmu ya dubi rana, ya dube ni, ya sauke mini jakata ya ba ni haƙuri. Ba mai son yamma ta same shi a hanyar nan. Ina tsaye motar ta tafi.

A nan la'asar ta same ni. Na yi salla a gefen shinge, ban san me na karanta ba. Wayata ba ko sandar sabis ɗaya. Ina ganin Yaya a raina, ya ɗauko guduma, ya ɓalle kwaɗo, ya naɗa wayarsa, ya kama hannun makunni. Tsoro na ji irin wanda ban ji ba ko lokacin da direba ya gangara gefe.

Ogan bai iso ba sai da rana ta yi ja. Ya duba tarkacen, ya juya sababbin, ya ga murfinsu bai taɓu ba, ya ce in tafi. Dogon jami'in da kansa ya naɗe mini su a tsumma, ya tsayar da mai babur ya kai ni cikin Tsafe. Amma mota ta ƙare, ba direban da zai fita Gusau a lokacin. Wani dattijo mai sayar da taya a bakin tasha ya ga ina zagaye kamar kazar da ke neman wurin ƙwai, ya ja ni zaurensa. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, ya yi ta cewa in ci, abin da Allah ya tsare ba mai taɓa shi. Na ci loma kaɗan don kada ya ji ba daɗi. Ya ba ni wayarsa na gwada, ita ma shiru.

Motar farko na bi da safe. A Gusau na kira Yaya, wayarsa a kashe. Na hau ta Bungudu, ina sauka na kasa kunne tun daga bakin titi. In na ji inji na aiki, to ya ɗaure. In na ga taro a ƙofa, to abin da nake gudu ya faru. Ban ji inji ba, ban ga taro ba, sai awaki suna cin dusa a harabar.

Na shiga ɗakin wuta. Kwaɗona na ƙasa a ɓalle, ga guduma kusa da shi. A gaban akwatin kuma an shimfiɗa tabarma, Inna na zaune a kai ta jingina bayanta da ƙofar akwatin, ga butarta, ga kwanon furarta. Yaya na tsugune can gefe, da naɗin waya a hannu, fuskar nan kamar hadari.

Ashe tun jiya da ta ji bugun guduma, da yake gidanmu ba nisa, ta ɗauko tabarma ta taho. Ta ce masa ba ta hana shi ba, injinsa ne, amma in zai buɗe sai dai ya ɗaga ta. A nan ta yi magariba, a nan ta kwana, tsohuwar da ciwon gwiwa ke hana ta zuwa biki.

"Ka zo, Auta?" ta ce. "To kama ni in tashi, ƙahwahuna sun mutu."

Na kashe wuta daga turke, na share akwatin, na toshe kafar gafiya, na auna layuka, na sa fis uku. Inji ya tashi. Yaya bai ce mini sannu da hanya ba. Da na ba shi labarin shinge ma cewa ya yi duk ni na ja wa kaina, da an ɗaure tun farko da ba a yi asarar masu kawo shinkafa ba. Har a majalisa ya riƙa faɗi cewa ƙanensa ya je Kano sayen yashi.

Ba a yi wata ba, wata ranar da hantsi muka ji ƙaurin roba a ɗakin wuta. Na duba na ga noti ɗaya ya saki yana zafi. Na ce wa Yaya ya dakata in je turke in kashe wuta. Ina jin sa yana cewa ɗan noti guda ne za a tsayar wa da inji. Ban kai ƙofa ba na ga haske ya cika ɗakin, fari fat, da wata ƙara tas, sai inji ya yi shiru.

Na juyo a guje. Yaya na zaune a ƙasa, ya rufe fuska da hannuwa. Sufana ce ta kuɓuce masa ta faɗa kan ƙarafa biyu. Na janye hannuwansa. Girarsa ta tafi, gashin idonsa ya ƙanƙance, gemunsa na ƙauri, amma ya buɗe ido ya gan ni, ya kira sunana. Sufanar na ƙasa, wuta ta ɗan ci gefenta kamar ɓera ya gutsura. Fis biyu sun mutu, ko tsagewa ba su yi ba.

Ya daɗe yana kallon sufanar. Sannan ya tambaye ni, da waya ce a wurin fa? Na tashi na je turke na kashe wuta.

Kafin azahar labari ya kai gida, Inna ta taho tana ɗingishi, ta riƙe fuskarsa tana dubawa. A harabar kuma buhuna sun sake taruwa, wani mai jiran casa yana cewa ai abin mai sauƙi ne, a ɗaure kawai kafin a samo sababbi. Yaya ya tashi ya fita. Na zaci wayar ya je ɗaukowa. Sai ga shi ya dawo da sabon kwaɗo. Ya rufe akwatin da hannunsa, ya ja ya tabbatar ya kama, ya durƙusa ya sa makullin a tafin Inna.